Jirgin Enterprise a Yaƙin Duniya na Biyu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da labarai suka ce Amurka ta tura katafaren jirgin dakon jiragen sama zuwa wani teku, masu sha'awar tarihi kan tambayi yaushe irin wannan jirgi ya karɓe sarautar ruwa daga hannun jirage masu manyan igwa. Sauyin ya faru ne a yaƙin Amurka da Japan, daga 1941 zuwa 1945, kuma jirgin da ya fi kowanne ganin wannan yaƙi shi ne Enterprise. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kansa.

Wane jirgi ne Enterprise, kuma me ya sa sunansa ya fi na sauran fita?

Jirgin ruwan yaƙi ne na Amurka mai dakon jiragen sama, lambarsa CV-6. Ya fara aiki a 1938, ya yi yaƙi a tekun Fasifik tun daga ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor, tashar jiragen yaƙin Amurka a Hawai, har zuwa watan Mayu na 1945. Rundunar ruwan Amurka tana ba jirgi tauraro ɗaya kan kowane babban artabu da ya halarta. Enterprise ya tara 20, kuma babu jirgin Amurka da ya kai shi a wannan yaƙi.

Amma taurari ba su ne suka ɗaga shi ba. Abin da ya ɗaga shi lokaci ne. Amurka ta shiga yaƙi da manyan jiragen dako bakwai kacal, huɗu daga cikinsu suka nutse a shekarar 1942 kaɗai, sababbin da ake ƙerawa kuwa ba su iso fagen fama ba sai tsakiyar 1943. Wannan giɓi na kusan shekara guda shi ne Enterprise ya toshe, a mafi yawan lokaci da rauni a jikinsa. An yi bayanin wannan a amsar tambayar "jirgi ɗaya tilo" a ƙasa.

Yaya jirgin sama ke tashi ya sauka a kan jirgin ruwa?

Saman jirgin fili ne shimfiɗaɗɗe daga goshi zuwa baya, in ban da wani ɗan bene a gefen dama inda kyaftin da bututun hayaƙi suke. Ƙarƙashin filin akwai doguwar rumfa inda ake ajiye jirage ana gyara su, kuma lifta uku ke hawa da sauka da su. In za a tashi, sai a juya jirgin ruwan ya fuskanci iska, a taka wuta. Gudunsa da ƙarfin iskar su ke haɗuwa su ba jirgin sama abin da zai ɗaga shi kafin filin ya ƙare.

Sauka ita ce mai wuya. An gicciya igiyoyin ƙarfe a bayan filin, kowane jirgi kuma yana da ƙugiya a wutsiyarsa. Wani jami'i na tsaye a gefen hagu riƙe da alluna biyu yana nuna wa matuƙi ko ya yi sama da yawa, ko ya yi ƙasa, ko ya sake zagayowa. In ƙugiya ta kama igiya, jirgi ya tsaya cik. In ta kuskure duka, akwai shingen waya a gaba da zai tare shi kada ya afka wa jiragen da aka jere. A zamanin Enterprise fili ɗaya ne miƙaƙƙe, don haka ba a iya tashi da sauka a lokaci guda yadda ake yi yanzu. Wannan ƙaramin bayani shi ya sa sa'a guda ta jinkiri ke iya yanke hukuncin yaƙi, kamar yadda za a gani a amsar Midway.

Yaushe aka ƙera shi, kuma yaya girmansa?

An fara ƙira a Newport News da ke jihar Virginia ranar 16 ga Yuli, 1934, aka tura shi ruwa ranar 3 ga Oktoba, 1936, ya shiga aikin soja ranar 12 ga Mayu, 1938. Kuɗin ƙirarsa sun fito ne daga shirin gwamnatin Shugaba Roosevelt na samar wa mutane aiki lokacin karayar tattalin arziki. 'Yan'uwansa biyu ne, Yorktown da Hornet, kuma dukansu sun nutse a 1942.

Tsawonsa kimanin mita 247, nauyinsa tan 19,800, in an cika shi da mai da kaya ya haura tan 25,000. Tukwanen tururi tara ke juya farfela huɗu, yana gudun kimanin kilomita 60 a sa'a. Girman nan ba zaɓin masu zane ba ne kawai. Yarjejeniyar Washington ta 1922 ta ƙayyade wa Amurka jimillar tan 135,000 na jiragen dako, don haka duk tan da aka ba sulke an rage shi ne daga jiragen sama ko gudu. Suka zaɓi gudu da yawan jirage.

Waɗanne irin jiragen sama yake ɗauka?

Tsakanin 80 zuwa 90, iri uku. Akwai na faɗa da jirage, wato Wildcat, daga baya Hellcat. Akwai Dauntless, mai hawa can sama sannan ya sulmiyo kai-tsaye kan jirgin abokan gaba kamar shaho ya hango ɗan tsako, ya saki bam ya miƙe. Sai mai ɗaukar tofido, wato dogon bam mai farfela da ke tafiya cikin ruwa ya fasa jirgi daga ƙasa: da farko Devastator, wanda ya tsufa tun kafin a fara yaƙi, daga baya Avenger. A shekarar 1942 Dauntless ne ya yi kusan duk ɓarnar da ta yi tasiri, domin tofidon Amurka na wancan lokaci sau da yawa ba ya fashewa.

Mutum nawa ne a ciki, kuma yaya zamansu yake?

Sun haura 2,000 a farkon yaƙi, suka doshi 3,000 bayan an ƙara bindigogi da na'urori. Matuƙa kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawa makanikai ne, masu walda, masu kula da tukwane, masu ɗora bam, masu tura jirage da hannu, masu dafa abinci. A kan fili ƙarar inji ba ta barin a ji magana, shi ya sa kowane rukuni ke da launin rigarsa: mai rawaya yana ba da umarni da hannu, mai shuɗiya yana turawa. An hana giya a jiragen yaƙin Amurka tun 1914, abin da sojojin ke layi a kansa shi ne askirim. Baƙaƙen fata kuwa a farkon yaƙi rundunar ruwa ba ta ɗaukarsu sai a aikin kicin da hidimar hafsoshi, ko da yake in an buga ƙararrawar yaƙi su ma suna da wurin tsayawa, suna miƙa harsasai, bam kuma bai tambayi aikin kowa ba.

Ina yake ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor?

Yana kan hanyar komawa gida. Ranar 28 ga Nuwamba, 1941, ya bar Pearl Harbor ƙarƙashin Admiral William Halsey don kai jiragen sojojin kundumbala tsibirin Wake. An tsara zai dawo ranar 6 ga Disamba, sai guguwa ta tsare shi. Da safiyar 7 ga wata yana yamma da Hawai da fiye da kilomita 300. Jirgin dako Lexington ma ba ya nan, takwaransa Saratoga yana San Diego, don haka Japanawa ba su sami jirgin dako ko ɗaya a tashar ba.

Duk da haka bai fita salin-alin ba. Jiragen Dauntless 18 da ya tura sintiri da asuba sun shiga tsakiyar harin ba tare da sanin ana yaƙi ba, aka kakkaɓo wasunsu. Da dare kuma masu bindigogin tashar, waɗanda tsoro ya riga ya kama, suka buɗe wuta kan jiragen Wildcat ɗinsa da suka zo sauka, matuƙa uku suka mutu a hannun nasu. Ranar 10 ga Disamba jiragensa suka nutsar da jirgin ƙarƙashin teku na Japan mai lamba I-70.

Me ya yi daga nan zuwa Midway?

Hare-haren sari-ka-noƙe: tsibiran Marshall ranar 1 ga Fabrairu, 1942, sai Wake, sai Marcus. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma matuƙa sun koyi aiki. A watan Afrilu ya raka Hornet, wanda ya ɗauki manyan jiragen bam 16 na sojan ƙasa ƙarƙashin James Doolittle suka kai wa Tokyo hari ranar 18 ga wata. Filin Hornet ya cika maƙil, ba ya iya tashin nasa jiragen, don haka Enterprise ne mai gadi. Wannan tafiya ita ta hana shi halartar yaƙin tekun Coral a watan Mayu, inda Lexington ya nutse.

Mene ne ainihin abin da ya yi a Midway?

Masu warware saƙonnin sirri a Hawai, ƙarƙashin Joseph Rochefort, sun gano cewa Japan za ta afka wa tsibirin Midway a farkon Yuni. Admiral Nimitz, kwamandan rundunar ruwan Amurka a Fasifik, ya yi kwanton ɓauna da jiragen dako uku, Enterprise da Hornet da Yorktown, a kan huɗu na Admiral Nagumo. Halsey na kwance asibiti da ciwon fata, aka ba Raymond Spruance jagoranci, mutumin da bai taɓa tuƙa jirgin sama ba.

Da safiyar 4 ga Yuni abubuwa sun fara a dagule. Jiragen tofido sun isa su kaɗai babu rakiya, aka yi musu kaca-kaca: daga cikin 14 na Enterprise, huɗu suka dawo. Masu sulmiyowa kuwa, ƙarƙashin Wade McClusky, sun isa inda aka ce musu ba su ga komai ba sai ruwa, ga mai na ƙarewa. Maimakon ya juya gida, McClusky ya ci gaba da dubawa, har ya hango wani ƙaramin jirgin Japan, Arashi, yana sheƙa gudu shi kaɗai. Ya yi tunanin rundunarsa yake bi, ya bi sawunsa. Bayan ƙarfe goma da 'yan mintoci suka faɗo kan jiragen dakon Japan, Kaga da Akagi, a daidai lokacin da jiragen Yorktown suka faɗo kan Soryu daga wani ɓangare, ba tare da an shirya hakan ba. Kusan duka sun rufar wa Kaga. Richard Best ne ya lura, ya janye da jirage biyu suka nufi Akagi, kuma bam ɗaya ne ya shiga rumfarsa. Ɗayan nan ya isa, domin rumfar cike take da jirage masu mai da bama-baman da ba a mayar ma'ajiya ba, sakamakon sauya makamai da Nagumo ya yi ta yi tun safe.

Da yamma jirage daga kan Enterprise suka ƙone Hiryu, jirgin dako na huɗu, wanda ya riga ya raunata Yorktown. Ranar 6 ga wata suka taimaka wajen nutsar da Mikuma, wani jirgin yaƙin Japan mai igwa. Japan ta rasa jiragen dako huɗu da mutum kimanin 3,000, Amurka ta rasa Yorktown da mutum 307. Masu cewa sa'a ce suna da gaskiya rabi. Sa'a ce ta sa Arashi ya bi ta wurin, amma da McClusky ya juya mintoci goma kafin nan, babu wanda zai gan shi.

Da gaske ne an yi lokacin da shi ne jirgi ɗaya tilo da ya rage?

Gaskiya ne in ana maganar manyan jiragen dako masu iya yaƙi a Fasifik. Bayan saukar sojojin Amurka a Guadalcanal ranar 7 ga Agusta, 1942, asara ta biyo asara. Tofido ya raunata Saratoga ranar 31 ga Agusta aka kai shi gyara. Wasp ya nutse ranar 15 ga Satumba. Hornet ya nutse a yaƙin Santa Cruz a ƙarshen Oktoba. Ranger na tekun Atlantika. Ma'aikatan Enterprise suka kafa allo a jirgin mai cewa yanzu Enterprise ne da Japan.

Shi kansa bam biyu sun same shi a Santa Cruz, mutum 44 suka mutu, liftar gaba ta cije. Aka kai shi Noumea a tsibirin New Caledonia, ba a gama gyara ba labari ya zo cewa Japan na tafe da babbar runduna. Ranar 11 ga Nuwamba ya fita da masu walda suna ta aiki a cikinsa. Ba a yarda a taɓa liftar ba, don in ta sauka ta ƙi hawa, fili ya zama rami. A kwanakin 13 da 14 ga wata jiragensa, wasu suna tashi daga filin Henderson na Guadalcanal, suka taimaka wajen ƙarasa babban jirgin yaƙi Hiei, suka nutsar da Kinugasa, suka shiga cikin waɗanda suka nutsar da bakwai daga jiragen dakon sojoji 11. Daga nan Japan ba ta sake yunƙurin ƙwato tsibirin da babbar runduna ba. Ƙarancin ya kai har Amurka ta aro jirgin Victorious daga Ingila a 1943.

An sha bugunsa, ta yaya bai nutse ba?

Abu na farko, tofido bai taɓa samunsa ba. 'Yan'uwansa duka tofido ne ya kashe su, domin bam daga sama wuta yake kawowa, tofido kuwa ruwa yake shigarwa. A Santa Cruz Kyaftin Osborne Hardison ya yi ta karkata jirgin hagu da dama har duk waɗanda aka harbo suka wuce ta gefe.

Na biyu shi ne shirin kashe wuta. Abin da ya hallaka Lexington ba bam ba ne, tururin fetur ne da ya taru a ciki ya fashe bayan sa'o'i. Amurkawa suka ɗauki darasi: da zarar na'urar rada ta nuna abokan gaba na tafe, a tsiyaye fetur daga bututu, a cika su da iskar da ba ta cin wuta, a mayar da bama-bamai ma'ajiya, a rufe ƙofofin ƙarfe. Rumfar Enterprise kuma a buɗe take ta gefe, iska na ratsawa, ana iya tura jirgi mai cin wuta cikin teku. Rumfunan Japanawa a rufe suke. A 1944 sabon jirginsu Taiho ya tashi da tururin fetur bayan tofido ɗaya tak.

Ranar 24 ga Agusta, 1942, a gabashin tsibiran Solomon, bam uku suka same shi cikin 'yan mintoci, mutum fiye da 70 suka mutu. Cikin sa'a guda an toshe ramukan da faranti na ƙarfe, jirage na sauka. Sai kuma injin da ke juya akalar jirgin ya tsaya saboda zafi da ruwa sun cika ɗakinsa, jirgin ya shiga zagaye a wuri ɗaya, ga ayari na biyu na Japanawa a kan rada. Wani babban makanike, William Smith, ya saka abin shaƙar iska ya shiga ɗakin, ya suma aka jawo shi, ya sake komawa har ya tayar da inji na biyu. Minti 38 aka yi a haka, ayarin kuma ya yi kuskuren hanya ya wuce. Japan ta sanar da nutsewarsa har sau uku a tsawon yaƙin.

Ba kuskure ba ne a yi filin jirgin yaƙi da katako?

Ciniki ne. Turawan Ingila sun sa wa nasu jiragen sulken ƙarfe a fili, kuma a Okinawa a 1945 an ga amfaninsa: jirgin ƙunar baƙin wake ya faɗo, a share, a ci gaba da aiki. Amma nauyin sulken ya rage musu yawan jiragen sama ƙwarai. Katako a kan siririn ƙarfe bam na ratsa shi, sai dai ana facinsa a teku cikin sa'o'i, kuma jirgin na ɗaukar jirage da yawa. A Fasifik na 1942, inda wanda ya fara ganin wani ya tura jirage masu yawa shi ke cin nasara, zaɓin Amurka ya fi dacewa. A 1945 lissafin ya fara juyawa, kuma manyan jiragen dakon Amurka da suka fara aiki bayan yaƙin sun zo da sulke a fili. Duba amsar yadda yaƙinsa ya ƙare.

Da sababbin jirage suka iso, ya zama tsohon yayi?

Ya zama ɗaya cikin da yawa. Daga Yuli zuwa Nuwamba 1943 aka yi masa babban gyara a Bremerton, aka faɗaɗa cikinsa don kariya daga tofido, aka ƙara bindigogin kakkaɓo jirage. Ya halarci kamen tsibiran Gilbert da Marshall, da harin Truk a Fabrairu 1944. A yaƙin tekun Filifin, 19 da 20 ga Yuni, yana cikin jiragen dako 15, ranar da Japan ta rasa jiragen sama fiye da 300. A Leyte a watan Oktoba jiragensa na cikin waɗanda suka far wa katafaren jirgin igwa Musashi, da kuma ayarin da Zuikaku ke ciki, na ƙarshe da ya rage daga jirage shida da suka kai harin Pearl Harbor.

Me ya sa ake danganta shi da yaƙin dare?

Domin a kansa aka fi gwada shi. Japanawa sun koma kai hari da dare ganin rana ta fi ƙarfinsu. Ranar 26 ga Nuwamba, 1943, Enterprise ya tura jirage su tare su cikin duhu, Avenger mai rada yana jan Hellcat. Sun tarwatsa harin, amma Edward O'Hare, shugaban matuƙan jirgin, bai dawo ba. Sunansa ne ke kan babban filin jirgin saman Chicago. A Truk kuma jiragen Avenger 12 suka kai harin bam na dare da rada, irinsa na farko daga jirgin dakon Amurka.

A ƙarshen Disamba 1944 aka mayar da shi jirgin dare gaba ɗaya. Sauran na barci, nasa na sintiri ko suna hana filayen jiragen Japan sakat. A Iwo Jima ya yi sa'a 174 a jere akwai jirginsa a sama.

Yaya yaƙinsa ya ƙare?

Kamikaze ne ya fitar da shi, wato matuƙan Japan da ke faɗawa jirgi da gangan. An raunata shi ranar 18 ga Maris da 11 ga Afrilu, 1945, ya gyara ya dawo. Ranar 14 ga Mayu da sassafe, kusa da tsibirin Kyushu na Japan, wani matashin hafsa mai suna Shunsuke Tomiyasu ya ɓuya cikin gajimare, ya sulmiyo, ya kifa jirginsa ya shige kusa da liftar gaba. Fashewar ta cilla babban ɓangaren liftar sama da mita 100. Mutum 14 suka mutu.

A kwatanta da Bunker Hill, wanda aka buga kwana uku kafin nan ya rasa kusan mutum 400, da Franklin da ya rasa kimanin 800 a watan Maris. Su an same su da jirage cike da mai a kan fili. Enterprise kuwa an riga an tsiyaye mai, kowa na wurin aikinsa, aka kashe wutar cikin ƙasa da sa'a guda, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata kan dalilin rashin nutsewarsa. Admiral Mitscher, kwamandan ayarin jiragen dakon, wanda ya ƙauro nan daga Bunker Hill, ya sake ƙaura. Jirgin na Bremerton ana gyara lokacin da Japan ta miƙa wuya.

Alƙaluman da ake ba shi, jirage 911 da jiragen ruwa 71, abin dogaro ne?

Su ne na rundunar ruwan Amurka: jiragen sama 911 da aka kakkaɓo, jiragen ruwa 71 da aka nutsar, 192 da aka lalata. A riƙe su da hannu biyu. A kowace ƙasa matuƙa kan faɗi fiye da abin da ya faru, ba lallai don ƙarya ba. Mutum uku na iya harbin jirgi ɗaya kowa ya ga ya faɗi, hayaƙi kuma kan sa a ɗauka jirgi ya nutse alhali ya tsira. Abin da takardun Japan suka tabbatar bayan yaƙi, irin su Akagi da Kaga da Hiryu, ya isa ba sai an ƙara gishiri ba. Lambobin yabonsa kuwa tabbatattu ne: shi ne jirgin dako na farko da ya sami yabon shugaban ƙasa, wanda Nimitz ya miƙa a Mayu 1943, kuma a Nuwamba 1945 a Southampton hukumar sojan ruwan Ingila ta ba shi tutarta.

Yana da alaƙa da sojojinmu da suka yi yaƙin Bama?

Abokin gaba ɗaya ne, fage daban. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewacin Najeriya suke da yawa a cikinsu kuma Hausa ke cikin harsunan bariki, sun yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Daga yaƙin Bama ne sunaye irin su Barikin Dodan a Legas, Barikin Chindit a Zariya da Burma Camp a Akara suka samo asali. Enterprise bai je tekun Bama ba. Iyakarsa ta yamma ita ce tekun kudancin Sin a Janairu 1945, lokacin da aka kai hari gaɓar Indochina da Hong Kong. Alaƙar ta bayan fage ce: jiragen sama da jiragen dakon kaya da Japan ta yi ta asara a Fasifik su ne ba ta iya turawa Bama ba, inda sojojinta suka ƙare cikin yunwa da ƙarancin kariya daga sama.

Me ya sa ba a mayar da shi gidan tarihi ba?

Kuɗi. Bayan yaƙi ya yi jigilar sojoji fiye da 10,000 zuwa gida, yawancinsu daga Turai, aka sallame shi daga aiki ranar 17 ga Fabrairu, 1947. Ya yi ƙanƙanta ga jirage masu injin jet, ba a ga amfanin sabunta shi ba. An yi yunƙurin ba jihar New York shi ya zama abin tunawa, bai yiwu ba. Tsofaffin ma'aikatansa tare da Halsey suka kafa gidauniya, kuɗin ba su taru a kan lokaci ba. Ranar 1 ga Yuli, 1958, aka sayar da shi ga masu yanka ƙarfe, aka farfasa shi a Kearny ta jihar New Jersey, aka gama a 1960. Jiragen dakon zamanin yaƙin da ake ziyarta yau, irin su Intrepid a New York, duk sababbin ƙira ne da suka iso bayan wuyar ta wuce. Abin da ya rage nasa ƙararrawa ce a kwalejin sojan ruwa ta Annapolis, anga a Washington, da farantin sunansa a garin River Vale.

To wane Enterprise ne aka riƙa gani a labaran yaƙin Iraƙi da Afghanistan?

Wani ne daban, CVN-65, wanda ya gaji sunan. Ya fara aiki a Nuwamba 1961, shi ne jirgin dako na farko a duniya mai aiki da makamashin nukiliya, da tukwanen nukiliya takwas, tsawonsa kimanin mita 342. Ya halarci killace Kuba a 1962 da yaƙin Vietnam, ya daina fita teku a 2012, aka sallame shi a 2017. An ciro wasu tagogi daga tsohon aka saka a ɗakin kyaftin ɗinsa. Na gaba mai wannan suna, CVN-80, ana ƙera shi a Newport News, kuma an narka wani ɓangare na ƙarfen CVN-65 an zuba a jikinsa.